In Madannin Agogon Motsa Jiki Ya Ƙi Aiki

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta wajen filin wasanni na Janar Seyni Kountché a Yamai, zai ga mutane suna kewaya filin tun kafin rana ta fito: samari suna gudu, dattawa suna tafiya da sauri, mata biyu-biyu ko uku-uku. In ya lura da hannuwansu zai ga waɗansu suna ɗaure da wani irin agogo wanda aikinsa ya wuce faɗin lokaci. Yana ƙidaya takun mai shi, yana awon bugun zuciyarsa, yana faɗa masa nisan da ya ci da tsawon barcin da ya yi. Shi ne muke kira agogon motsa jiki. Ya shigo kasuwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Akwai mai araha, akwai kuma wanda kuɗinsa ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci.

Wani dattijo da muka sani, tsohon ma'aikaci ne da ya ajiye aiki, likita ya same shi da hawan jini. Ya ba shi magani, ya kuma umurce shi da tafiyar ƙasa kowace safiya. Ɗansa da ke karatu a ƙasar waje ya aiko masa da irin wannan agogo. Kullum in ya fito ƙofar gida sai ya danna madannin da ke gefen agogon, lissafi ya fara. In ya dawo ya sake dannawa, ya rubuta adadin cikin ɗan littafin da yake nuna wa likita. Ran nan cikin hunturu ya danna, madanni ya shiga ya ƙi fitowa. Kwana uku dattijon bai fita tafiya ba. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce tafiyar da ba a ƙidaya ba, ba ya jin daɗinta.

To, ga abin da bai kai ƙwayar wake girma ba ya tsayar da umurnin likita. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kan wannan ɗan madanni: yadda aka ƙera shi, abin da ke lalata shi, gyaran da mutum zai iya yi da kansa a gida, da kuma inda ya kamata ya tsaya ya miƙa wa masu sana'a.

Asalin wannan agogo

Ƙidayar taku ba sabon abu ba ce. A shekara ta 1965 kamfanin Yamasa na ƙasar Japan ya fitar da wata ƴar na'ura da ake maƙalawa a ƙugu, sunanta Manpo-kei, watau ma'aunin taku dubu goma. Daga sunan nan ne zancen taku dubu 10 a yini ya bazu cikin duniya. Asalinsa talla ce ta ƴan kasuwa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2020 shi ne babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako.

A 1982 kamfanin Polar na ƙasar Finlanda ya fitar da ma'aunin bugun zuciya marar waya, ɗamara a ƙirji, agogo a hannu. A 2003 kamfanin Garmin na Amurka ya fito da agogon Forerunner, wanda ke awon nisa da taimakon tauraron ɗan Adam. Fitbit ya fara sayar da na'urarsa ta farko a 2009, sa'an nan Apple Watch ya shiga kasuwa a 2015. Daga nan sauran kamfanoni suka bi, manya da ƙanana.

Cikin agogon akwai ɗan ma'auni mai jin motsin hannu, shi ke ƙidaya taku. A bayansa kuma, wajen da ke taɓa fata, akwai koriyar fitila mai ƙyaftawa. Jini yana shanye koren haske, saboda haka duk sa'ad da zuciya ta buga, jini ya ƙaru a jijiyoyin hannu, hasken da ke dawowa sai ya ragu. Da wannan raguwa da ƙaruwa agogo ke gane bugun zuciya.

Duk wannan hikima tana jiran madanni. Da shi ake kunna agogo, da shi ake kashewa, da shi ake farfaɗo da shi in ya daskare. Yawancin agogunan suna da fuskar da ake shafawa da yatsa, amma yatsa mai zufa ba ya yi mata daɗi, shi ya sa masu gudu suka fi dogara ga madanni. Waɗansu agogunan Garmin ma madanni biyar gare su, ba a shafa fuskarsu ko kaɗan.

Abin da ke cikin madanni

Abin da ido ke gani a gefen agogo kan madanni ne kawai. Sauran yana ɓoye, kuma yawanci kashi biyar ne.

Na farko shi ne kan da yatsa ke dannawa, tare da ɗan sanda siriri da ke ratsa jikin agogo ta wata ƴar kafa. Na biyu ita ce murɗaɗɗiyar waya, wadda ke mayar da madanni waje bayan an danna. Na uku zoben roba ne ƙarami ƙwarai, wani lokaci biyu, da ke kewaye da sandan. Shi ne mai gadin ƙofa, shi ke hana ruwa da ƙura shiga. Na huɗu ɗan mariƙi ne na ƙarfe mai kama da rabin zobe, yana cije da ƙarshen sandan daga ciki don kada madanni ya faɗo. Na biyar shi ne makunni, ɗan faifan ƙarfe mai doro kamar ƙwarya a kife. In sanda ya taɓa shi sai doron ya lotsa, ya haɗa hanyar lantarki, agogo ya san an danna. Ɗan ƙas ɗin nan da yatsa ke ji, daga wannan faifai yake fitowa. Makunnin yana liƙe da dalma a kan allon na'ura, ko a kan wata lallausar waya mai faɗi, siririya kamar takarda.

Kashi huɗun farko tsohuwar sana'a ce. Irinsu ne a cikin agogon Casio F-91W da ya fito a 1989, wanda kusan kowa ya taɓa ɗaurawa ko ya gani a hannun ɗan lakwal. Kashi na biyar kuwa ya fi kama da abin da ke cikin salula. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, za mu komo kansa.

Sai dai ba kowane madanni ke motsi ba. A 2018 Fitbit ya fitar da Charge 3, wanda a gefensa babu abin da ke shiga ko fita, ɗan lotsi ne kawai mai jin matsin yatsa, agogo ya amsa da ƴar girgiza. Charge 5 na 2021 ba shi da madanni gaba ɗaya, sa'an nan Charge 6 na 2023 ya komo da irin wanda ba ya motsi. Saboda haka kafin mutum ya ce madanninsa ya ƙage, ya duba takardar bayani ya tabbata irin mai motsi ne.

Me ke lalata shi?

Ruwa ba ya tsami banza. Babban abin da ke hana madanni aiki shi ne datti, kuma ƙasarmu tana da kayan haɗinsa duka. Zufa tana da gishiri. In ta bushe gishirin yana zama a kafar madanni. Ƙurar hunturu, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, mai laushi ce kamar gari, ba ta rasa hanyar shiga. In ta gamu da zufa da man shafawa sai su zama wani baƙin danƙo da ke riƙe sandan. Alamarsa ita ce madanni ya yi tauri, ko ya shiga ya daɗe bai fito ba.

Abu na biyu shi ne gajiyar zoben roba. Zafi yana busar da roba, sabulu da turare da maganin sauro na shafawa suna cin ta sannu a hankali. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai da Tawa yakan wuce digiri 40, alhali kamfanin Apple ya rubuta cewa agogonsa ya fi yin aiki daidai tsakanin digiri 0 da 35. Agogon da aka bari a gaban mota cikin rana yana shan zafin da ya fi haka nesa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in zobe ya tsage, laima ta shiga, makunni ya yi tsatsa. Alamarsa ita ce madanni yana shiga yana fita lafiya, amma agogo ba ya amsawa, ko ya amsa yau ya ƙi gobe. Wani lokaci ana ganin hazo a cikin gilashi.

Na uku bugu ne. In agogo ya faɗi, ko ya daki ƙofa, sanda na iya lanƙwasa, mariƙi na iya zarewa, makunni na iya ɓallewa daga allonsa. A nan madanni yakan yi sako-sako, ba a jin ƙas ɗinsa, ko ya faɗo gaba ɗaya.

Na huɗu kuwa ba laifin madanni ba ne. Agogon ƙaramar kwamfuta ce, manhajarsa na iya daskarewa, batir na iya ƙarewa. Akwai kuma batir mai kumbura, wanda ke tura kayan ciki daga mazauninsu. Wannan shi ne mafi haɗari, za mu yi maganarsa a gaba.

Gyaran da ake yi a gida

Ƙa'ida ɗaya ce: a fara daga waje, a bi sannu, kada a buɗe agogo sai in dole. Ga matakan a jere.

1. A duba garanti. In wa'adinsa bai ƙare ba, kuma akwai hanyar mayar da agogo ga wanda ya sayar, a mayar. Duk wanda ya buɗe agogo da kansa, ko ya ba wani ya buɗe, yawanci ya zubar da haƙƙinsa.

2. A haɗa agogo da salula, a bar lissafin da ke ciki ya wuce zuwa manhaja. Ko da gyara bai yiwu ba, adadin taku da bugun zuciya na watanni ba su ɓata ba.

3. A duba jikin agogo da kyau. In gilashi ya ɗago, ko baya ya yi tozo, ko yana zafi ba dalili, a cire shi daga hannu, kada a sa masa caji, kada a ci gaba da sauran matakan.

4. In jikinsa lafiya yake, a sa masa caji kamar awa guda, sa'an nan a tilasta masa sake tashi. A Apple Watch ana danne madannin gefe da ɗan kambun da ake murzawa tare, daƙiƙa 10 ko fiye. A agogunan Garmin da yawa ana danne madannin fitila kamar daƙiƙa 15. Waɗansu agogunan ana iya sake tayar da su daga cikin jerin umurnin da ke fuska, ba sai da madanni ba. In ya farfaɗo, to dama daskarewa ce.

5. In bai farfaɗo ba, a karanta abin da aka rubuta a bayansa game da ruwa. Alamar 3 ATM tana nufin yana jure fantsamar ruwa kawai. Alamar 5 ATM, ko mita 50, tana nufin ana iya iyo da shi a ruwa marar zurfi. In an ga IP68, lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, lamba 8 kuma yana jure nutsewa fiye da mita 1 gwargwadon yadda kamfani ya ƙayyade. IP67 kuwa mita 1 ne na minti 30. A tuna cewa wannan awo na sabon agogo ne. Wanda ya tsufa, ko ya taɓa faɗuwa, ba ya da irin wannan ƙarfi.

6. In agogo mai jure ruwa ne kuma ba shi da tsaga, a kashe shi in ana iyawa, a cire maɗaurinsa, a zuba wa madannin tsabtataccen ruwa mai ɗumi kaɗan, a hankali, ba da ƙarfin famfo ba, ba da sabulu ba. Apple da kansa ya shawarci masu agogonsa su yi haka na daƙiƙa 10 zuwa 15 suna murza kambun suna dannawa. Garmin kuwa yana gargaɗi kada a danna madanni alhali agogo yana nutse cikin ruwa. Saboda haka kowa ya bi takardar agogonsa, kuma kada a jiƙa shi cikin kwano.

7. A samu buroshin haƙori mai laushi wanda aka wanke, a goge kewayen madanni. In datti ya ƙi, a ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu na alkol irin na masu gyaran salula, wanda ake kira izofurofil, a danna madanni sau da yawa a hankali, a share abin da ya fito da ƙyalle mai tsabta. Wannan alkol yana narkar da maiƙo, yana bushewa da sauri. Kada a yawaita, domin yawansa yana gajiyar da roba da gam.

8. A bar agogo ya bushe a inuwa, inda iska ke wucewa, kafin a sa masa caji.

In matsalar datti ce, yawanci a nan take ƙarewa. In an yi haka sau biyu ba canji, aikin gida ya kai iyakarsa.

Abin da ba a yi

Garin neman gira ake rasa ido. Kada a sa allura ko reza a kafar madanni, domin zoben roba yana nan kusa, kuma huda ɗaya ta isa ta buɗe wa ruwa hanya. Kada a ɗiga man keken ɗinki, ko man gyaɗa, ko kananzir, ko fetur: mai yana tara ƙura, kananzir da fetur kuma suna lalata roba. Kada a kama madanni da hantsaki a ja da ƙarfi, mariƙin ciki zai zare. In madanni ya faɗo, kada a mayar da shi da gam mai saurin kamawa. Gam ɗin yana bin kafa ya gangara ciki, ya daskarar da sanda da makunni tare. A ɗauke madannin da ƴar wayarsa a naɗe su a takarda, a rufe kafar da ɗan salatif, a nisanta agogo da ruwa. Kada a shanya agogo a rana ko kusa da garwashi.

Batirin agogon na lityum ne, irin na salula. In aka huda shi, ko aka lanƙwasa shi, ko ya yi zafi da yawa, yana iya kamawa da wuta. Batir mai kumburi ba abin gwaji ba ne. A ajiye agogon a kan siminti ko cikin yashi, nesa da tufafi da yara, har a kai shi ga mai gyara.

A teburin mai gyara

Dattijon da muka ambata da fari ya ɗauko allura, jikansa kuma ya kawo shawarar man keke. Allah ya sa uwargida ta hana, ta ce a kai kasuwa. Suka je wurin wani saurayi mai gyaran salula, mai ɗan tebur da fitila da madubin ƙara girman abu. Saurayin ya juya agogo, ya danna madanni kusa da kunnensa, ya tambaya ko ya taɓa faɗuwa, ko ana alwala da shi. Bai ɗauko turnabis ba. Buroshi ya ɗauko da ɗan kwalbar alkol. Cikin ƴan mintoci baƙin danƙo ya fito a kan ƙyalle, madanni ya koma yana ƙas kamar da. Ya miƙa agogo da hannu biyu ya ce: "Baba, agogonka lafiyarsa lau, wanka yake so."

A gefen teburin akwai wani agogon a buɗe. Mai shi madanninsa ne ya faɗo, ya mayar da gam, gam ya kama makunni. Aikin da dā ɗan mariƙi ne kawai za a sake, yanzu sai an nemo lallausar waya sabuwa, ita kuwa ba kullum ake samunta ba.

In buɗewa ta zama dole, ga yadda gwani ke yi. Waɗansu agogunan ƴan ƙusoshi masu murɗi ne ke riƙe da bayansu, masu kai kamar tauraro, sai da turnabis na musamman. Waɗansu kuwa manne suke da gam, sai an ɗumama su kaɗan gam ya yi laushi, a ɗaga gilashi ko baya da siririn abu, a hankali, domin akwai waya da ke haɗa ɓangarorin biyu. Abu na farko bayan buɗewa shi ne a raba batir da allo. Sa'an nan a gwada makunni da na'urar awon lantarki: in an danna shi hanya ta haɗu, to laifin na sanda ne ko na wayarsa, in ba ta haɗu ba, makunni ya mutu. Sanda da mariƙi da zobe ana sake su ɗaiɗai, a shafa wa sabon zobe ɗan man silikon. Makunni ana cire shi da zafi a liƙa wani da dalma, ko a sake lallausar wayar gaba ɗaya. Daga ƙarshe a kankare tsohon gam, a sa sabo, a matse agogo har ya kama.

A nan ne bambancin da muka ce a riƙe yake da amfani. Tsohon mai gyaran agogo ya san sanda da zobe da mariƙi, shekara da shekaru yana ɗaukar su da hantsaki. Saurayi mai gyaran salula ya san allo da dalma da batir. In madanni ya faɗo ko ya yi sako-sako, a fara da na farko; in yana motsi agogo ba ya amsawa, a fara da na biyu. Da masu sana'o'in biyu za su riƙa tura wa juna aiki, da agogo da yawa sun tsira.

Kafin mutum ya bar agogonsa, ya yi tambaya huɗu. Ka taɓa buɗe irin wannan? Kana da kayan canji, ko daga mataccen agogo za ka ciro? Da me za ka rufe shi? Nawa ne, kuma in bai gyaru ba nawa zan biya? Mai gyara na kirki ba ya jin haushin tambaya. Zai kuma faɗa maka gaskiya cewa agogon da aka buɗe ba a sake amincewa da shi a ruwa, sai in an gwada shi da na'urar matsin iska, wadda ba kowane tebur ke da ita ba.

Gyara ko sayen sabo?

Amsar tana ga darajar agogon. In mai tsada ne, batirinsa yana riƙe caji, lissafinsa daidai ne, gyara ya fi. In kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin sabo, kuma batir ya riga ya gaji, sai a yi tunani. Akwai kuma hanya ta uku: agogon da ake shafa fuskarsa yana iya ci gaba da aiki ba madanni, muddin ba a bar batir ya mutu ba, waɗansu ma suna tashi da kansu in an sa musu caji.

Agogo marar suna mai arahar gaske, wanda aka manne shi ba don a buɗe ba, sau da yawa bai cancanci wahala ba. A yi hattara kuma da alkawuran da ake rubutawa a kwalinsa. A watan Fabrairu na 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara ga agogo ko zobe da ke cewa yana awon sukarin jini ba tare da huda fata ba. Mai ciwon sukari da mai hawan jini, awon likita ne abin dogaronsu. Agogo ɗan rakiya ne.

Zancen gyara ya zama zancen duniya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekara ta 2022 an zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. A birnin Amsterdam na ƙasar Holan wata mata mai suna Martine Postma ta buɗe zaman gyara na farko a 2009, inda maƙwabta ke haɗuwa su gyara kayansu tare. Faransa ta tilasta wa kamfanoni, a watan Janairu na 2021, su rubuta maki a kan salula da waɗansu kaya don nuna sauƙin gyaransu, sa'an nan Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024. Kamfanoni ma sun fara ji: a 2025 Google ya fitar da Pixel Watch 4, wanda ake kwancewa da turnabis a sake batir ko gilashi. Abin da waɗannan ƙasashe ke nema da doka, kasuwar Katako ta Yamai da teburan masu gyara na Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna yi da hannu. Abin da ya rage mana shi ne kayan aiki na kirki da kula da inda mataccen batir ke ƙarewa, domin bai kamata a jefa shi a bola ba, inda ake cinna wa shara wuta.

Rigakafi ya fi magani

Bayan kowace tafiya ko gudu, a share agogo da ƙyalle mai laima, a busar. Sau ɗaya a mako a bi kewayen madanni da buroshi, musamman cikin hunturu. A cire shi kafin wanka da sabulu, kafin shafa mai ko fesa turare. Wanda agogonsa ya taɓa buɗuwa, ko bai san ƙarfinsa a ruwa ba, ya cire shi lokacin alwala da wanke-wanke. Kada a bar shi a mota cikin rana. Ranar saye kuma, a tambayi garanti, a karɓi takarda, a duba bayan agogo a ga ko ƙusoshi ne ke riƙe da shi ko gam.

Dattijonmu ya koma tafiyarsa washegari, da littafinsa a aljihu. Likita kuwa da ya ga gurbin kwana uku a shafin, ya ji dalili, sai ya tuna masa cewa ƙafa ce ke yin aikin, agogo shaida ne kawai. Muna fata masu karatu za su riƙe wannan tare da sauran: in madanni ya ƙi, a gyara shi da haƙuri, amma kada a fasa fita tafiya har a gama gyaran.